BABI NA BIYU: TARIHIN NA'URORIN SANSANO ISKAR HAIDIROJIN DA YADDA AKA RIƘA GWADA SU

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an bi diddigin ƙoƙarin da masana kimiyya suka daɗe suna yi na samar da na'urar da za ta sansano iskar haidirojin idan ta yi yoyo, tun daga fitilar masu haƙar kwal har zuwa na'urorin da ake yi da semikwandaktan kabon. Abin da ake nufi da semikwandakta shi ne sinadarin da wutar lantarki ke bi ta cikinsa, amma ba da sauƙi irin na jan ƙarfe ba, bai kuma toshe mata hanya gaba ɗaya kamar gilashi ba, sa'an nan ana iya ƙara masa wucewar wuta ko a rage. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne silikon. Na kabon kuwa, danginsu ɗaya da roba da rini, domin a kan ƙwayoyin kabon aka gina su.

Babin ya fi mai da hankali a kan gwaji, saboda tarihi ya nuna cewa kusan kowace na'ura takan yi fice a ɗakin gwaje-gwaje, sai an fitar da ita cikin iskar da mutane ke shaƙa sa'an nan aibinta ke bayyana. Haka kuma za a ga yadda abin da aka daɗe ana ɗauka babban aibin semikwandaktan kabon, watau saurin canzawarsa idan iskar oksijin ta shige shi, ya zamo ginshiƙin wata na'ura da aka bayyana a shekarar 2025.

2.1 Iskar Haidirojin da Haɗarinta

A shekarar 1766 ne Henry Cavendish na ƙasar Ingila ya nuna cewa iskar da ke tashi idan an zuba asid a kan ƙarfe wata iska ce mai zaman kanta, wadda ke kama da wuta. A cikin shekarun 1780 Antoine Lavoisier na Faransa ya ba ta sunan da ake kiran ta da shi, wanda ma'anarsa ita ce mai haifar da ruwa, domin idan ta ƙone a cikin oksijin ruwa take zama.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi kimanin sau 14. Ƙwayoyinta su ne mafi ƙanƙanta, don haka takan sulale ta kafar da wata iska ba za ta iya bi ba. Tana kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, kuma tana ci gaba da kamawa har zuwa kashi 75 cikin 100. Tartsatsin da zai kunna ta bai kai kashi 1 cikin 10 na wanda zai kunna tururin fetur ba. Bugu da ƙari, da rana da kyar ake ganin harshen wutarta. Saboda haka ne a zamanin shirin zuwa wata, ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka kan riƙe tsintsiya a gabansu idan suna bin bututun haidirojin. Idan bakin tsintsiyar ya kama da wuta, sun san inda yoyon yake ke nan.

Gas ɗin girki da ake amfani da shi a gidaje ana zuba masa wani sinadari mai wari, domin hanci ya gane yoyo tun da wuri. Wannan dabara ba ta dace da haidirojin da ake sarrafawa ya zama lantarki ba, saboda irin waɗannan sinadarai suna ɗauke da farar wuta, ita kuwa tana lalata filatinam ɗin da ke cikin injin. Ke nan ba abin da ya rage sai na'ura.

Haɗurran da suka auku sun nuna girman lamarin. A ranar 6 ga Mayu 1937 jirgin Hindenburg na Jamus, wanda aka cika da haidirojin, ya ƙone a Lakehurst ta Amurka, mutum 36 suka rasu. A watan Maris na 2011 haidirojin da ya taru a gine-ginen tashar nukiliya ta Fukushima a Japan ya fashe har sau 3, a ranakun 12 da 14 da 15 ga watan. A ranar 10 ga Yuni 2019 kuma wata tashar sayar da haidirojin ta fashe a kusa da Oslo ta ƙasar Norwe, sakamakon yoyo daga tankin ajiya. Duk da haka ba a fasa amfani da iskar ba. A shekarar 2022 duniya ta yi amfani da fiye da tan miliyan 90 nata, galibi a matatun mai da masana'antun takin zamani.

2.2 Daga Fitila zuwa Wayar Filatinam

Tarihin sansano iska mai kama da wuta ya faro ne daga ramukan haƙar kwal na Ingila, inda iskar metan ta riƙa halaka ma'aikata. A 1812 wata fashewa a ramin Felling ta kashe mutum 92. Shekara 3 bayan haka, watau a 1815, Humphry Davy ya ƙera fitilar da aka kewaye harshenta da ragar waya, yadda ba za ta kunna iskar da ke waje ba. Ma'aikaci ya kan dubi harshen fitilar, idan ya ga ya yi tsawo ya ɗora shuɗiyar hula, ya san iskar ta taru. Idon mutum shi ne ma'aunin, kuma gwajin a cikin ramin ake yin sa, da ran mai riƙe da fitilar.

Abubuwa 2 da aka gano a cikin wannan ƙarni su ne tushen kusan duk na'urorin haidirojin da suka biyo baya. Na farko, a 1823 Johann Döbereiner na Jamus ya ga cewa idan aka busa haidirojin a kan garin filatinam, sai ya kama da wuta ba tare da an kyasta komai ba. Filatinam ɗin yana raba ƙwayar haidirojin gida biyu, ya sauƙaƙa mata haɗuwa da oksijin, shi kuwa ba ya ƙarewa. Irin wannan sinadari shi ake kira katalis. Na biyu, a 1866 Thomas Graham ya nuna a Landan cewa ƙarfen faladiyam yana shanye haidirojin da ya kai kimanin ninki 900 na girman kansa.

A tsakanin 1926 da 1927 Oliver Johnson, wani ma'aikacin kamfanin mai na Standard Oil a Kalifoniya, ya yi amfani da abin da Döbereiner ya gano ya ƙera na'urar da ke ƙona iskar a kan zazzafar wayar filatinam. Ƙonewar kan ƙara wa wayar zafi, zafin ya ƙara mata turjiya ga wucewar wuta, allurar na'urar ta motsa. A farkon shekarun 1960 aka inganta wannan dabara a cibiyar binciken lafiyar ma'adinai da ke Sheffield, inda aka rufe wayar a cikin wani ɗan dutsen tangaran mai katalis. Amfani da ita ya fito da aibobinta. Sai ta yi zafin kimanin digiri 500 a ma'aunin Selshiyos take aiki, ba ta bambance haidirojin da sauran iskoki masu kama da wuta, kuma tururin dalma ko farar wuta ko man silikon na kashe katalis ɗin. Mafi muni shi ne, idan ta mutu ba ta nuna alama, allurarta na nan a kan sifiri kamar wurin lafiya lau yake. Daga nan aka fara dokar gwada irin waɗannan na'urori lokaci-lokaci da iskar da aka san adadinta.

2.3 Zamanin Semikwandakta

A 1953 Walter Brattain da John Bardeen, biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tiranzista, suka nuna cewa iskar da ta manne a fuskar semikwandakta tana canza halinsa na lantarki. A wurin masu ƙera tiranzista wannan matsala ce, amma a Japan wasu sun ɗauke shi a matsayin hanya. A 1962 Tetsuro Seiyama ya yi amfani da siririn shafe na oksayid ɗin zinki wajen gane iska, a shekarar kuma Naoyoshi Taguchi ya nemi rajistar na'urar da ya yi da oksayid ɗin kuza, wadda aka fara sayarwa a 1968 domin tsaron gidaje daga yoyon gas.

Yadda na'urar Taguchi ke aiki ya cancanci bayani, domin za a sake cin karo da irinsa a gaba. Oksijin ɗin da ke cikin iska kan manne a fuskar oksayid ɗin ya riƙe wasu daga cikin ilektoron ɗinsa, sai wucewar wuta ta ragu. Idan haidirojin ya zo, sai ya haɗu da wannan oksijin su zama ruwa, ilektoron ɗin su koma, wucewar wuta ta ƙaru. Watau oksijin shi ne ɗan tsakiya. Na'urar tana da araha da ƙarko, amma ita ma sai an ɗumama ta zuwa digiri ɗaruruwa, abin da ke cin batir, kuma takan amsa wa barasa da hayaƙi da gas ɗin girki kamar yadda take amsa wa haidirojin.

A 1975 Ingemar Lundström da abokan aikinsa a Jami'ar Chalmers ta ƙasar Suwidin suka haɗa abin da Graham ya gano da fasahar silikon, suka yi tiranzista mai murfin faladiyam. Haidirojin kan rabu a kan faladiyam ɗin, ya ratsa shi har ƙasa, ya canza ƙarfin lantarkin da ake bukata kafin tiranzistar ta buɗe. Wannan na'ura ta fi na baya zaɓe, kuma tana gane ɗan ƙanƙanin adadi. To amma doguwar jarrabawa ta nuna cewa faladiyam yana kumbura idan ya sha haidirojin, ya kuma tsuke idan ya sake shi, har ta kai ya yi borori ko ya tsage, kuma awon na'urar yana gocewa sannu a hankali.

Bukatar na'ura mai kyau ta fito fili a 1990, lokacin da yoyon haidirojin ya hana kumbunan Columbia da Atlantis na Amurka tashi na tsawon watanni, injiniyoyi suna ta neman inda yoyon yake. Abin da ake bukata shi ne ƙananan na'urori masu yawa da za a baza a kowace gaɓa ta bututu, waɗanda ba sa cin wuta kuma ba sa zafi. A nan ne hankali ya koma kan semikwandaktan kabon.

2.4 Asalin Semikwandaktan Kabon

Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai a masana'antar rini aka fara sanin su. A 1862 Henry Letheby ya sami wani shuɗin abu a Landan lokacin da ya bi da wutar lantarki ta cikin sinadarin anilin, wanda daga baya aka san shi da sunan foliyanilin. A 1928 ma'aikatan wata masana'antar rini a Grangemouth ta Sikotilan suka ga wani shuɗin datti a cikin tukunyar ƙarfe, wanda ya zamo rinin talosayanin. A 1948 Daniel Eley a Ingila da A. T. Vartanyan a Tarayyar Sobiyet, kowa da nasa aikin, suka nuna cewa wannan rini yana da halin semikwandakta. A 1954 kuma Hideo Akamatu da Hiroo Inokuchi da Yoshio Matsunaga na Jami'ar Tokyo suka gano cewa idan aka haɗa sinadarin ferilin da biromin, wucewar wuta a cikinsa tana ƙaruwa ƙwarai. Wannan dabara ta cusa wa semikwandakta ɗan wani baƙon sinadari domin a ƙara masa wucewar wuta ita ce za a riƙa kira sirkawa a wannan aiki.

Babban sauyi ya zo ne ta hanyar kuskure. A 1967, a ɗakin gwaje-gwajen da Hideki Shirakawa ke aiki a Cibiyar Fasaha ta Tokyo, aka zuba katalis da ya ninka abin da ake bukata kimanin sau 1,000 wajen haɗa sinadarin foli'asetilin. Maimakon baƙin garin da aka saba samu, sai aka sami wani fallen roba mai ƙyalli kamar azurfa. A 1976 Shirakawa ya tafi Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, inda ya haɗu da Alan MacDiarmid da Alan Heeger. A 1977 suka bayyana cewa sirka wannan falle da tururin aidin ya ƙara masa wucewar wuta kimanin sau miliyan 10. Wannan aiki ne ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a shekarar 2000.

Bayan haka abubuwa suka riƙa biyo juna. A 1986 masu bincike a kamfanin Mitsubishi Electric suka yi tiranzista ta farko da irin wannan roba, a 1987 kuma Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka yi fitilar kabon mai inganci, wadda ita ce asalin fuskar wayoyin hannu da yawa na yau. Sai dai a duk tsawon wannan lokaci akwai ƙorafi guda da bai gushe ba. Foli'asetilin yana lalacewa idan aka bar shi a sarari. Waɗanda suka fi shi ƙarko ma, oksijin kan shige su ya sirka su ba tare da an so ba, har tiranzistar ta ƙi rufuwa sosai. Don haka masu bincike suka riƙa yin aikinsu a cikin akwatunan gilashi da aka cika da iskar naitirojin, masana'antu kuma suka riƙa like na'urorin ruf domin kada iska ko danshi su taɓa su.

2.5 Gwaje-gwajen Farko a kan Iska

Abin da iska ke canza wa hali cikin sauƙi, a iya mai da shi ma'aunin iska. A 1983 Lundström ɗin nan da aka ambata, tare da abokan aikinsa, suka yi amfani da robar folifirol wajen gane iskar amoniya. A cikin shekarun 1980 ɗin kuma aka yi ta gwada rinin talosayanin a kan iskar naitirojin dayoksayid, wadda ke fita a hayaƙin injuna. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 har an fara sayar da na'urorin da ake kira hancin lantarki, masu jerin robobi iri-iri, domin bambance ƙamshin abinci da abin sha. Amfaninsu a bayyane yake: suna aiki ba tare da an ɗumama su ba, kuma ana iya narka sinadarin a shafa shi kamar tawada. Matsalarsu kuwa ita ce danshin iska na motsa su, har wani lokaci fiye da abin da aka sa su nema.

Haidirojin ya fi waɗannan iskoki wuyar sha'ani. Amoniya tana ba robar ilektoron, naitirojin dayoksayid yana ƙwace mata, don haka kowannensu yana barin alama. Ƙwayar haidirojin kuwa ba ta cika bayarwa ko karɓa ba, takan ratsa robar ta fice. Wannan ya sa aka koma ga tsohuwar dabarar katalis. A 1998 wasu masu bincike a Sidni ta Ostareliya suka haɗa foliyanilin da oksayid ɗin filatinam domin gane haidirojin, wasu da dama kuma suka riƙa gauraya robobin da garin faladiyam.

Gwajin da ya fi nuna inda aka tsaya shi ne wanda Shabnam Virji da Richard Kaner da Bruce Weiller suka buga a 2006 a Amurka. Sun yi amfani da foliyanilin da aka sarrafa ya zama zarurruka sirara ƙwarai, domin iska ta sami fuska mai faɗi da za ta taɓa. Da suka bi da haidirojin kashi 1 cikin 100 gauraye da busasshen naitirojin, turjiyar na'urar ta ragu da kashi 3 cikin 100, kuma ta koma yadda take bayan an janye iskar. Amma da suka sa danshi a cikin iskar, sai amsar ta ɓace ɗungurungum. Su da kansu suka bayyana wannan sakamako. Na'urar ta tabbatar da cewa roba na iya jin haidirojin, sai dai ba wani ɗakin inji ko gidan mai da iskarsa ba ta da danshi.

2.6 Kafa Ƙa'idojin Gwaji

Yawaitar rahotannin da ba a iya kwatanta su da juna ya sa hukumomi suka shigo cikin lamarin. Wani mai bincike ya yi gwajinsa a cikin naitirojin, wani a cikin iskar sarari, wani bai faɗi adadin danshi ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta shimfiɗa matakan da take son na'urar tsaro ta kai: ta auna daga kashi 0.1 zuwa kashi 10 cikin 100, ta amsa cikin ƙasa da daƙiƙa 1, ta yi aiki daga digiri 30 ƙasa da sifiri zuwa digiri 80, ta jure danshi daga kashi 10 zuwa 98 cikin 100, kuma ta yi shekara 10 tana aiki. A 2010 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 26142, wadda ta tanadi cewa na'urar da ake girkewa a wuri guda ta kai kashi 90 cikin 100 na amsarta a cikin daƙiƙa 30, ta kuma dawo cikin daƙiƙa 60. Cibiyar binciken makamashi ta Amurka da ke Kolorado da takwararta ta Tarayyar Turai da ke Petten ta ƙasar Holan sun yi aikin haɗin gwiwa na jarraba na'urorin da ke kasuwa.

Yadda ake gwajin shi ne, a sa na'urar a cikin rufaffen akwati, a riƙa tura mata iskar da aka san adadin haidirojin da ke cikinta, ana rubuta wucewar wuta daƙiƙa bayan daƙiƙa. Daga nan ake fitar da girman amsa, da saurinta, da mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke ji. Sa'an nan a sauya zafi da danshi, a tura mata wasu iskoki domin a ga ko za ta ruɗe, daga ƙarshe a bar ta tana aiki watanni ana duba ko awonta ya goce. Ko auna sauri ma yana da nasa tarko, domin idan akwatin ya yi girma, lokacin da iskar ke ɗauka kafin ta cika shi ne ake aunawa, a zaci jinkirin na'urar ne.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Yawanci ana saita ƙararrawa ta kaɗa tun haidirojin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, watau rubu'in matakin kamawa da wuta, domin a sami damar rufe bututu a fitar da mutane. Inda ba na'ura, ma'aikaci yakan yi hattara da kansa. Inda aka girke wadda ta mutu ba a sani ba, yakan shiga da kwanciyar hankali. Hausawa na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

2.7 Na'urar Shekarar 2025

A watan Maris na 2025 mujallar Nature Electronics ta buga aikin Suman Mandal da Thomas Anthopoulos da abokan aikinsu, na Jami'ar Manchesta ta Ingila da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke Saudiyya. Ƙirar na'urar mai sauƙi ce: an shafa wata robar semikwandakta mai suna DPP-DTT a kan wayoyin filatinam, ba a kuma like ta ba, an bar iska ta shige ta. Oksijin ɗin iska yana sirka robar, ya janye mata ilektoron ya bar gurabe, waɗannan gurabe kuwa su ne ke ɗaukar wuta a cikin irin wannan roba, don haka wucewar wuta ke ƙaruwa. Idan haidirojin ya iso, filatinam ɗin ya raba shi kamar yadda Döbereiner ya gani a 1823, sai ya haɗu da oksijin ɗin ya warware sirkin, wucewar wuta ta faɗi nan take. Idan ya gushe, oksijin ya dawo, na'urar ta koma yadda take. Za a ga cewa wannan ita ce dabarar Taguchi ta sa oksijin a tsakiya, sai dai a nan wutar raguwa take yi maimakon ƙaruwa, kuma ba a bukatar ɗumamawa.

Sakamakon da suka bayar ya nuna cewa wucewar wuta na iya faɗuwa fiye da sau 10,000, a cikin ƙasa da daƙiƙa 1. Mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke ji kimanin kashi 192 ne cikin biliyan 1, wanda ya yi ƙasa da matakin kamawa da wuta fiye da sau 200,000. Wutar da take ci ba ta kai maikirowat 2 ba, kuma ta yi aiki har a zafin digiri 120. Abin da ya fi bambanta wannan aiki da na 2006 shi ne irin gwajin da aka yi. An bar na'urar tana aiki a cikin iskar ɗaki fiye da kwana 646 ba tsayawa. An kuma fitar da ita daga akwatin gwaji: an sa ta neman yoyo a jikin bututu, an fasa balan-balan mai haidirojin a rufaffen ɗaki an bi yadda iskar ke bazuwa, an ɗaura ta a jikin ƙaramin jirgi maras matuƙi. A waɗannan gwaje-gwaje ta riga wata na'urar hannu da ake sayarwa a kasuwa amsawa.

Duk da haka akwai iyakoki da suka kamata a lura da su. Tun da oksijin shi ne ginshiƙinta, ba ta aiki a inda babu shi, alal misali a cikin tankin da aka wanke da naitirojin. Tana kuma dogaro da filatinam, ƙarfe mai tsada wanda tarihi ya nuna farar wuta na lalata shi. Sa'an nan kwana 646 bai kai kashi 1 cikin 5 na shekara 10 da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta nema ba, kuma alƙaluman na waɗanda suka ƙera na'urar ne. Abin da ya faru da wayar filatinam da tiranzistar faladiyam ya nuna cewa wasu aibobin sai a hannun masu amfani suke fitowa.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin nuna cewa na'urorin sansano haidirojin sun ginu ne a kan abubuwan da aka gano tun a ƙarni na 19, musamman yadda filatinam ke raba ƙwayar iskar da yadda faladiyam ke shanye ta. An ga yadda kowace sabuwar ƙira ta magance wani aibi na wadda ta gabace ta, ta kuma zo da nata. An kuma ga cewa semikwandaktan kabon ya shafe shekaru da dama ana tsare shi daga oksijin da danshi, kuma gwajin 2006 ya nuna cewa nasara a cikin busasshen naitirojin ba ta isa hujja ba. Aikin 2025 ya juya lamarin ta hanyar mai da oksijin abin dogaro, ya kuma gwada na'urar a cikin iskar sarari na tsawon lokaci. Ma'aunin da ake hukunci da shi ma ya canza, daga tambayar ko na'ura tana amsawa zuwa tambayar saurin amsarta a cikin danshi da zafi bayan shekaru. A babi na gaba za a yi bayanin kayan aiki da matakan da ake bi wajen auna kowane ɗaya daga cikin waɗannan halaye.